Danshi da fumfuna a ɗakin yara: abin da nake rubutawa a daminar bana

Asabar, 12 ga Yuli, 2025

Jiya da hantsi na buɗe sif ɗin ɗakin yara zan ɗauko babbar rigata ta zuwa Juma'a, wadda rabona da ita tun Babbar Sallah. Na same ta da ɗigo-ɗigo ruwan toka tun daga wuya har aljihu, tana wani wari irin na tsohuwar rijiya. Takalmin fatar da ke ƙasan sif kuwa ya yi kore kamar an barbaɗa masa kuka. Bayan la'asar ni da ɗana Halifa muka janye sif ɗin daga jikin bango. Daga daɓe zuwa gwiwata baƙi ƙirin ne, fentin ya kumbura, in ka danna da yatsa sai ya fashe, wani farin gari ya zubo.

Shekarata 17 ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari. Babu ɗan kasuwar da zai ajiye dila a kan siminti da damina ba katako a ƙasa, duk mun san abin da danshi ke yi wa yadi. Abin da ya tayar min da hankali shi ne a ɗakin nan 'ya'yana uku ke kwana, kuma Ummi, 'yar shekara shida, mako na uku ke nan tana tarin dare. Bara ma haka ta yi, muka ce sanyin damina ne.

Gidan a Kurna yake, ginin bulo ne na marigayi mahaifinmu. Ɗakin ƙafa 12 ne tsawo da faɗi, tagarsa ɗaya mai kallon tsakar gida. Bangon da ya lalace na gabas ne, wanda ya ba lungu baya. Duk mazaunin Kano ya san daga gabas hadari ke tasowa, bangon gabas ne ke shan dukan ruwa. Bara da kaka na kashe naira 38,000 aka shafe shi da fentin mai, don an ce min ruwa ba ya kama shi. Ko shekara bai rufa ba.

Bana ba zan sake shafa komai ba sai na gano ta inda ruwan ke shigowa. Zan riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, don lissafi, kuma don na san ba gidanmu kaɗai ne ke fama da wannan a unguwar ba.

Litinin, 14 ga Yuli

Na kira ƙanena da ya karanci fannin gini. Ya ce, "Yaya, kafin ka nemo magini ka sayi ma'aunin danshin iska tukuna, in ba haka ba za ka yi ta kashe kuɗi ba ka san gaba kake ko baya ba." Na biya Sabon Gari na sayi guda biyu, ƙanana kamar kwalin ashana, naira 4,500 kowane. Da na jera su wuri ɗaya, wannan ya ce 77, wancan ya ce 84. Ya ce in gwada su da gishiri: a cika murfin kwalba da gishirin girki, a ɗiga ruwa ya jiƙa shi ba tare da ya narke ba, a sa shi da ma'aunan cikin roba mai murfi a rufe ruf. Iskar da ke kan jiƙaƙƙen gishiri tana tsayawa a kashi 75 cikin 100. Na haɗa, na ajiye a kan kabad.

Laraba, 16 ga Yuli

Ɗaya ya nuna 74, ɗayan 81. Na manna wa na biyun takarda na rubuta "a cire 6".

Lambar nan ba yawan ruwan da ke cikin ɗaki take faɗa kai tsaye ba. Tana faɗar yadda iska ta kusa ƙoshi ne. Iska mai zafi ta fi mai sanyi ɗaukar tururi, in ta ƙoshi kuma sai ta sauke ragowar a kan duk abin da ya fi ta sanyi, kamar yadda jikin randa ko kwalbar ruwan sanyi ke yin gumi. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar kada danshin cikin gida ya kai kashi 60, ya fi kyau ya tsaya tsakanin 30 da 50. Yau da asuba falo 72, ɗakin yara 83, bayan sif kuwa 90.

A Kano 50 da damina sai mai na'urar sanyaya ɗaki da wuta tsayayya. Abin da na sa a gaba shi ne ɗakin yara ya sauko daidai da falo, tunda a falo ba mu taɓa ganin fumfuna ba.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na manna farar leda da salatif a wuri uku, na toshe gefunan: ƙasan bangon gabas, samansa kusa da silin, da bangon da ya raba ɗakin da falo. Sai jibi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ledar sama da ta bangon falo a bushe suke. Ta ƙasa kuwa ɓangaren da ke manne da bango ya jiƙe sharkaf. Ashe daga cikin bangon ruwan ke fitowa, ba gumin iskar ɗaki ne kawai ke sauka a kansa ba.

Daga nan na ɗaga ledar ɗakin, wadda aka shimfiɗa tun bikin ƙanwata. Da ma ban so ganin abin da na gani ba. Daɓen ya yi baƙi, yana santsi, ga gumi tsatstsafo-tsatstsafo. Katifar yaran a kan ledar take kai tsaye ba gado, da muka kifa ta ƙasanta duk tabo ne baƙi da kore, warin kuma har maƙogwaro. A kan wannan suke ɗora fuska kowane dare. Maman Ummi ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa cewa komai, ga ta mace mai shara sau biyu a rana. Na ce mata ba ƙazanta ba ce, ruwa ne ya samu wurin ɓuya.

Farin garin nan ma na gwada shi. Na kankaro kaɗan na zuba a kofin ruwa, ya narke tas. Gishiri ne wanda ruwa ke ɗaukowa daga ƙasa da siminti, in ruwan ya bushe a fuskar bango sai ya bar shi. Baƙin kuwa bai narke ba, shi ne fumfunar. Yanzu na gane abin da fentin mai ya yi: bai hana ruwa shiga bango ba tunda ta baya yake shigowa, hanyar fita ya toshe masa, sai ruwan ya taru ya ɗaga fentin.

Talata, 22 ga Yuli

Mun kai Ummi asibiti. Tun kafin in ba da labarin bango likitar ta tambaya, "Baban Ummi, akwai danshi a ɗakin da take kwana? Ana kunna maganin sauro na hayaƙi ko turaren wuta?" Ta saurari ƙirjinta ta ce alamun asma ne, ta rubuta mata abin shaƙa, ta nuna wa uwarta yadda ake amfani da shi.

Ta yi mana bayanin cewa fumfuna na sakin iri cikin iska, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, su ne yaro ke shaƙa dare da rana. Sannan akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke zama cikin katifa da matashin kai, danshi ne rayuwarsu, kashinsu na tayar da atishawa da asma. Da na dawo na karanta cewa tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, ta ce masu zama a irin waɗannan gidaje sun fi haɗarin tari, cututtukan numfashi da tsanantar asma.

Daga yau yara sun koma falo. Ɗakin a rufe yake sai an gama.

Asabar, 26 ga Yuli

Ranar wanke bango, kuma na yi kuskure tun a farko. Na fara kankarewa da buroshin waya a bushe, da takunkumin yadi irin na zamanin korona. Cikin minti goma ido ya yi ja, atishawa ba ƙaƙƙautawa, ƙirji kuma ya ɗaure. Kankarar bushe watsa irin take yi cikin iska. Kamata ya yi a fara jiƙa wurin, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma, a bar taga a buɗe, a sa safar hannu da takunkumi mai kauri.

Abu na biyu ya fi ba ni tsoro. Na haɗa ruwan Hypo a bokiti, kofi ɗaya cikin lita huɗu na ruwa, sai ga Halifa da robar maganin wanke masai, wai a ƙara don ya fi ƙarfi. Allah Ya sa na waiwayo. In aka haɗa biyun nan iskar guba suke fitarwa, a ƙaramin ɗaki irin wannan tana iya kayar da mutum. Na zaunar da shi na yi masa bayani, na maimaita wa uwarsa, don na san a gidaje da yawa ana wannan haɗin wajen wanke banɗaki.

Mun wanke da omo da ruwa, muka bi da ruwan Hypo, muka goge, muka bar fanka a kai lokacin da aka kawo wuta. Ledar ɗakin mun yar. Katifar ma haka, domin soso ne, fumfunar ta shige cikinsa, shanya ba za ta fitar da ita ba. Na yayyanka ta kafin a fitar don kada wani ya ɗauka ya kai wa nasa 'ya'yan. Kayan wanki duka naira 6,500.

Laraba, 30 ga Yuli

Ɗaki 79 da asuba. Warin ya ragu. Babbar riga ta sha wanki da rana, tabon wuya bai fita ba.

Lahadi, 3 ga Agusta

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya bayan azahar. Na ɗauki lema na zagaya lungu na tsaya, domin tunda nake ban taɓa kallon bayan gidan ana tsakiyar ruwa ba. Indararon maƙwabcinmu ya miƙo daga rufinsa, lungun kuma bai fi taku biyu ba, duk ruwan rabin kwanonsa a jikin bangonmu yake sauka. Ƙasan wurin ya rarake ya zama kwari, ruwa ya kwanta har idon sawu, bayan an ɗauke ma ya fi awa uku bai tafi ba.

Bayan magariba na tare shi a ƙofar masallaci. Na ce, "Alhaji, wata 'yar alfarma nake nema, in ba damuwa mu leƙa lungu tare." Ya haska da fitilar waya ya ga yadda bangon ya jiƙe. Ya ce, "Subhanallahi! Malam, ai da tuni ka faɗa min. Haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne. A kira mai gyara gobe, a raba kuɗin biyu." Na shafe yammacin nan ina tunanin yadda zan fara maganar, sai ga shi ta zo da sauƙi. Allah Ya saka masa da alheri.

Laraba, 6 ga Agusta

An ɗaura bututun roba mai inci huɗu a bakin indararon, ya sauko har kwata. Bututu da gwiwa da kuɗin aiki naira 21,000, nawa 10,500.

Na kawo Baba magini, dattijon da ya yi aiki a gidan tun mahaifinmu na da rai. Ya auna da siririn tiyo mai ruwa a ciki, kai ɗaya a ɗaki, ɗaya a lungu ta kan katanga. Ƙasar lungu ta fi daɓen ɗakin tudu da inci tara. Ya ce lokacin da aka yi ginin sai an hau matakala ake shiga gidan. Kowace damina mutanen lungu na zuba ɓaraguzai da jar ƙasa don maganin taɓo, lungu na hawa, gidaje na nutsewa. Ni kaina na sha ba da kuɗin tifar ƙasar nan. Ya kuma tabbatar min ba a shimfiɗa leda a ƙarƙashin daɓen ba, a lokacin ba kowa ke yi ba.

Mun jima muna hira. Ya ce a ginin ƙasa na cikin birni da makuba ake shafe bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su yi laso, wato shafen gargajiya mai hana ruwa shiga, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi bangon gabas an gyara. "Yanzu an samu siminti, kowa ya ɗauka an gama da gini har abada."

Inda muka saɓa shi ne maganin ciki. Baba ya ce a manna tayil daga ƙasa zuwa ƙugu kamar yadda ake yi ko'ina yanzu. Ƙanena ya ce, "Yaya, kada ka yarda. Ruwan zai hau ya ɓullo a saman tayil ɗin, ka duba gidajen da aka yi wa haka." Na duba na wani abokina a Rijiyar Lemo, layin gishiri na nan a kan tayil kamar an ja da alli. Na ba Baba haƙuri, na ce mu fara da waje.

Asabar, 9 ga Agusta

Sayayya a Ƙofar Ruwa: siminti buhu huɗu 40,000, garin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓi 6,000. Yashi da tsakuwa 18,000. Baba da lebura 25,000. An haƙe gindin bangon har ƙasa da daɓen ɗaki, an kankare tsohuwar filasta.

Alhamis, 14 ga Agusta

Kwana huɗu ban yi rubutu ba saboda ɓacin rai. Ranar Lahadi aka yi sabuwar filasta a waje, aka zuba dakali mai gangara a gindin bangon da 'yar hanyar ruwa zuwa kwata. An gama da la'asar, gari garau. Baba ya ce a rufe da leda, aka rufe, amma ba a danne ta da duwatsu sosai ba, ni ma ban koma na duba ba. Wajen ƙarfe biyun dare iska ta taso ta yaye ledar, ruwa ya biyo baya. Da safe rabin dakalin ya zama yashi, filastar ta zaizaye, simintin ya bi kwata.

Babu wanda zan ɗora wa laifi. Aikin siminti a tsakiyar Agusta dole a fara shi da sassafe don ya samu yinin kamawa, a kuma tsare shi. Jiya aka sake, tun ƙarfe bakwai. An jingina tsofaffin kwanuka biyu a kai, an danne da bulo. Ƙarin siminti buhu biyu 20,000, aiki 8,000, Baba ya yi min ragi da kansa.

Talata, 19 ga Agusta

Marka ta kankama, kwana uku ba a ga rana ba. Na dawo kasuwa na leƙa ɗakin, ma'auni na nuna 91. An ɗaura igiya biyu daga taga zuwa ƙusa, kayan makarantar yara da zannuwan gado na ɗiga. Maman Ummi ta ga ɗaki fayau ba kowa, tsakar gida kuma ruwa, ina za ta kai wanki? A jikin bangon da muka wanke ɗigo-ɗigon baƙi sun dawo, har da bangon falo wanda a da lafiyarsa ƙalau. Fumfuna ba ta buƙatar fiye da kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai jiƙe kafin ta fara.

Da dare na zauna da biro. Iska mai zafin digiri 30, iyakar tururin da mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi ke ɗauka kusan giram 30 ne. Ɗakin nan bai wuce irin wannan awo 40 ba. Ke nan duk iskar ɗakin, ko ta ƙoshi iya ƙoshi, lita ɗaya da 'yan kai take riƙewa. Wanki ɗaya da injin ya matse yana sakin kusan lita biyu kafin ya bushe, balle namu na matsar hannu. Ragowar ruwan bango da sif da littattafai ne ke shanye shi. Ko gas ɗin girki, duk kilo ɗaya da ya ƙone yana fitar da kusan lita ɗaya da rabi na ruwa, ban da tururin tukunya, kuma tagar kicin ɗinmu a rufe take saboda ƙuda. Ga numfashin yara uku lokacin da suke kwana a ɗaki rufe har asuba.

Mako biyu ina zargin lungu da indararo, kuma da gaskiyata, amma wani kaso na ruwan nan mu muke kawo shi da hannunmu. Na nuna wa Maman Ummi lissafin. Ta ce, "To Baban Ummi, a yi min inda zan yi shanya." Magana ta gaskiya. Za a kafa rumfar kwano a kusurwar tsakar gida.

Alhamis, 21 ga Agusta

An kafa rumfa, naira 27,000. An sake wanke bango.

Hajiya ta aiko Halifa da kasko da garwashi da turaren wuta, ta ce a sa a ɗakin a rufe ƙofa, zai busar da shi ya kori warin, haka suke yi a da. Na je ɗakinta na durƙusa na ce, "Hajiya, turaren zai rufe warin ne kawai, hayaƙin kuma likita ta hana Ummi shaƙa. Garwashi a ɗaki rufe yana fitar da wata iska marar wari da ke kashe mutum cikin barci." Ta yi shiru, ta ce ta tuna wasu da aka rasa haka da sanyi, shekarun baya. Muka tsaya a kan za ta riƙa turara kaya a kan kabbasa a tsakar gida, Ummi na nesa.

Asabar, 23 ga Agusta

Tunda ido ya buɗe sai na bi sauran gidan. A sito rabin buhun gyaɗar da aka kawo mana daga ƙauye yana jingine da bango a kan daɓe. Ta ƙasan ta yi laushi, an fasa wasu an ga kore-kore mai ruwan ɗorawa a ciki. Akwai wata fumfuna da ake kira Asfajilas da ke kama gyaɗa da masara, tana haifar da guba mai suna afalatoksin wadda ke lalata hanta, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. An so a tsince a yi ƙuli-ƙuli da sauran, na ce duk wadda ta taɓa danshi a fitar. Kwano uku muka binne, ko kaji ban bari an ba ba. Buhunan shinkafa da gero an ɗora su a kan katako, nesa da bango, yadda muke yi wa diloli a shago.

Laraba, 27 ga Agusta

Mako guda ina ajiye ma'auni ɗaya a inuwar tsakar gida, ɗaya a ɗaki. Da asuba waje kan kai 90, wani lokaci ya haura. Tsakanin azahar da la'asar, ranar da ba ruwa, yakan sauko wajen 60. Mu kuwa al'adarmu a buɗe taga da sassafe a sha iska, a rufe da rana saboda zafi da ƙuda. Mun juya tsarin: a buɗe komai daga hantsi zuwa la'asar, a rufe in hadari ya haɗo. Kwana huɗu a jere ɗakin na sauka 70 da yamma.

Fanka ba ta cire ruwa daga iska, juya ta kawai take yi. In ƙofa da taga na rufe, lambar ba ta motsi. Matsalar ɗakin ita ce ƙofa da taga duk ɓangare ɗaya suke, iska ba ta da mafita.

Lahadi, 31 ga Agusta

An fasa ƙaramar taga a saman bangon gabas, dab da silin, yadda mai wucewa a lungu ba zai ga cikin ɗaki ba. An sa mata ragar sauro da ƙarfe, da 'yar rumfar kwano a waje saboda feshin ruwa. Duka 32,000. Da aka buɗe ta labulen ƙofa ya fara motsi, abin da ban taɓa gani a ɗakin nan ba.

Lahadi, 7 ga Satumba

Asuba 75, yamma 66. An yi ruwa sau biyu, lungu bai riƙe ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na tambayi kuɗin na'urar tsotse danshi, wanda aka faɗa min ya haura naira 200,000. Ko na saya, tana son wuta awanni a jere, mu kuwa wani yinin sau ɗaya ake kawowa. Na haƙura. Wani a kasuwa ya ce gawayi na shanye danshi, na zuba kwano guda a cikin sif na rufe da ma'auni kwana uku, lambar ba ta sauya ba.

Abin da ya yi aiki a sif ɗin mai sauƙi ne. An ɗora shi a kan katako, an matsar da shi bangon falo, an bar tazarar tafin hannu a bayansa, ana buɗe ƙofofinsa da rana. Na cire duk ledojin da masu guga ke sa wa kaya, domin in an sa kaya da ɗumin guga a leda, gumin a ciki yake zama. Huluna da takalman fata sun koma kan kanta a sarari.

Lahadi, 21 ga Satumba

Na sake gwajin leda a ƙasan bango. Akwai gumi, amma ɗan kaɗan ne, ba kamar na Yuli ba. Baba na son a yi filastar ciki yanzu a gama. Ƙanena ya ce bangon da ya shekara da shekaru yana shan ruwa ba ya bushewa a wata ɗaya, in aka rufe shi yanzu an maimaita kuskuren bara. Ga hunturu na tafe, lokacin da danshin iskar Kano ke faɗuwa ƙasa da kashi 20, har leɓe na tsagewa. Shi zai busar mana da bangon kyauta.

Mun koma asibiti ranar Alhamis. Ummi ta kwana goma sha ɗaya ba tarin dare, alhamdu lillahi. Likita ta ce kada a daina maganin, kuma a shirya wa ƙurar hunturu, ita ma tana tayar da asma.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Ruwa ya ja baya. Ɗaki 61 da asuba, falo 60. Babu sabon tabo tun 21 ga Agusta.

Na sayi gadon katako na hannu 45,000 da sabuwar katifa 55,000, don ba za a sake shimfiɗa katifa a ƙasa ba. Jimillar abin da na kashe daga Yuli zuwa yau naira 302,000, ban da asibiti da magani. Yara za su ci gaba da kwana a falo a kan sabon gadon.

Saura aikin ciki. Gobe Baba zai kankare filastar bangon gabas daga ƙasa zuwa ƙugu, a bar bulon a buɗe har Disamba. In gwajin leda ya fito a bushe, sai a fasa daɓen, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, a sake zubawa, a yi filasta, a shafa fentin ruwa ba na mai ba. Baba ya ƙiyasta siminti buhu tara. Na kuma yi magana da mai unguwa kan a daina zuba ƙasa a lungun, a haɗa kuɗi a yashe kwatar kafin daminar baɗi. Ya ce in kawo sunayen masu gidajen, gida bakwai ne, na samu biyar.